Abin da Ke Saman Silin: Fesa Makarin Zafi da Aikin da Ya Kamata Ya Riga Shi

Kwana biyu ko uku bayan saukar dusar ƙanƙara, duk wanda ya bi ta wata tsohuwar unguwa a birnin Miniyapolis na jihar Minesota a Amurka yana duban rufin gidaje zai iya gane gidan da ke ɓarnar zafi ba tare da ya shiga ciki ba. Akwai rufin da dusar ke kwance a kansa fari fat, kaurinta ɗaya daga sama har ƙasa. Akwai kuma wanda ta narke a tsakiyarsa ta bar tabo nan da can, a bakinsa kuma ƙanƙara ta daskare ta yi tudu, tsinkayenta suna reto daga indararo. Gida na farko yana riƙe da ɗumin da mai shi ya biya kuɗi ya saya. Na biyun kuwa ɗuminsa yana ratsa silin ya taru a sararin da ke tsakanin silin da rufi, ya ɗumama katakon rufin daga ƙasa, dusar ta narke, ruwan ya gangaro har bakin rufi inda babu ɗumi, ya sake daskarewa a can. Idan tudun ya yi girma sai ya tare ruwan da ke biyo baya, ruwan ya koma ta ƙarƙashin rufi ya shiga bango ko ya ɓullo a silin ɗin ɗakin kwana. Mai irin wannan gida asara biyu yake yi a lokaci guda: yana biyan kuɗin gas don ɗumama sararin samaniya, sannan zafin da ya tsere ɗin yana lalata masa gini.

Dalilin da ya sa na ga ya dace in yi wannan bayani da Hausa shi ne 'yan'uwanmu da suka zauna a Amurka da Kanada sun fara mallakar gidaje, kuma yawancin gidajen da ƙarfinmu ke kaiwa gare su tsofaffi ne, waɗanda aka gina kafin a fara damuwa da tsadar makamashi. Idan ɗayanmu ya sayi gida, abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne falo da kicin da fenti da kujeru, wato abin da baƙo zai gani, kuma ban ga laifin hakan ba. Amma ƙididdigar Hukumar Bayanan Makamashi ta Amurka ta nuna cewa ɗumama gida da sanyaya shi suna cin kusan rabin makamashin da gidajen ƙasar ke amfani da shi, a jihohin arewa kuwa, inda hunturu kan shafe wata biyar, ɗumamawar ce ke da kaso mafi tsoka. Mu kuma da muka taso a ƙasar zafi mukan ɗaga na'urar ɗumama gida fiye da maƙwabtanmu, musamman idan akwai tsofaffi ko jarirai a gidan, saboda haka duk wata kafa da zafi ke bi ya fita ta fi yi mana illa fiye da yadda take yi wa wasu.

Zafi yana barin ɗaki ta sama ta hanyoyi biyu, kuma bambance su shi ne ginshiƙin maganar nan gaba ɗaya. Hanya ta farko ita ce ratsa jikin abu: allon silin yana ɗaukar ɗumin ɗaki ya miƙa shi ga iska mai sanyi da ke samansa, ko da babu huda ko ɗaya a jikinsa. Hanya ta biyu ita ce tafiyar iskar kanta. Iska mai ɗumi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka a lokacin hunturu takan taru a saman gida tana matsa silin, ta bi duk wata kafa da ta samu ta fice, yayin da iska mai sanyi ke shigowa ta ƙasan gida ta maye gurbinta. Makarin zafi, wato abin da ake shimfiɗawa ko fesawa a saman silin, an yi shi ne domin hanya ta farko. Aikinsa shi ne ya riƙe iska a cikin ƙananan guraben da ke jikinsa ta tsaya cik, domin iskar da ba ta motsi ba ta saurin miƙa zafi. Wanda ya taɓa wuni a ɗakin jinka da bazara, sannan ya shiga ɗakin kwano marar silin, ya riga ya san wannan a jikinsa, domin ciyawar jinka cike take da iskar da ba ta motsi, kwano kuwa ba ya riƙe komai. Wannan ne ma ya sa aikin ba na hunturu kaɗai ba ne. A watan Yuli zafin saman silin kan haura digiri 60 a ma'aunin Salshiyos, kuma abin da ya hana ɗumi fita da sanyi shi ne zai hana wannan zafin saukowa ɗakunan sama da bazara.

Ana auna ƙarfin makarin zafi da abin da ake kira lambar R, wadda ake rubutawa a jikin kowane buhu. Gwargwadon girman lambar, gwargwadon yadda abin ke tare zafi. An raba Amurka shiyya-shiyya bisa yanayi, kuma shawarar Energy Star, shirin gwamnatin Amurka na tsimin makamashi, ga saman silin tana farawa daga R-30 a kudancin Florida ta kai R-60 a jihohi masu sanyi irin su Minesota. Lissafin da ya kamata mai gida ya riƙe a kansa ba shi da wuya. Idan silin yana da R-10 aka mayar da shi R-20, zafin da ke ratsa shi ya ragu da rabi. Idan aka kai shi R-50, kashi ɗaya cikin biyar ne kawai ya rage. Daga R-50 zuwa R-60 kuwa ana komawa ne daga kashi ɗaya cikin biyar zuwa ɗaya cikin shida, wanda riba ce amma ƙarama. Ma'ana, wanda saman silinsa kusan fayau yake shi ne zai ga canji babba a takardar kuɗin gas, wanda kuwa ya riga ya kai R-40 kada wani ɗan kwangila ya ruɗe shi da alkawarin cewa kuɗinsa zai ragu da rabi.

Gane halin da gida yake ciki ba ya buƙatar gwani. Mutum ya ɗauki tocila da abin awo, ya buɗe ƙofar saman silin, wadda galibi tana cikin wani lungu ko ɗakin ajiye tufafi, ya leƙa. Idan yana ganin saman katakan da silin ke manne a jikinsu, wato makarin bai rufe su ba, to akwai ƙaranci. A gidaje da yawa da aka gina tsakanin 1940 da 1970 abin da za a tarar bai wuce inci 4 zuwa 6 ba, kuma ya kwanta ya yi ƙura. Domin a kai R-49 da makari na niƙaƙƙiyar takarda ana buƙatar kimanin inci 14 zuwa 15, da audugar gilashi kuwa, wato makarin da ake yi da siraran zaren gilashi mai kama da auduga, kimanin inci 17 zuwa 20, gwargwadon kamfanin da ya yi ta.

Makarin zafin da aka fi sawa a saman silin yana zuwa a siffa biyu: akwai mai kama da katifa wanda ake yankawa a jera tsakanin katakai, akwai kuma na fesawa. A tsohon gida na fesawa ya fi dacewa nesa ba kusa ba, domin saman silin ba fili ba ne shimfiɗaɗɗe. Akwai wayoyin lantarki, akwai bututai, akwai katakan da tazararsu ba ɗaya ba ce, akwai kusurwoyin da mutum ba zai isa ba sai yana rarrafe, kuma mai kama da katifa duk yadda aka yanka shi sai ya bar giɓi a irin waɗannan wurare. Na fesawa kuwa yana zuba ne ya cike kowane lungu, ya haye saman katakan ya lulluɓe su, abin da ke da muhimmanci domin katako da kansa hanya ce da zafi ke bi. Aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana waje kusa da injin, yana yanka buhu, yana ɓarɓasa abin da aka danne a ciki da hannu yana zubawa a bakin injin kaɗan-kaɗan, domin idan ya jefa dunƙule babba tiyon zai toshe. Ɗayan yana can sama sanye da takunkumi da tabarau da fitilar goshi, ya durƙusa a kan allon da ya gitta bisa katakai, riƙe da bakin tiyon a kwance, yana farawa daga kusurwa mafi nisa yana ja da baya zuwa ƙofa. Cikin 'yan mintoci ƙura takan cika wurin har hasken fitilar ya dushe, kuma ƙafa ɗaya da ta kauce daga katako ta sauka a kan allon silin ta isa ta jefo mutum cikin ɗakin da ke ƙasa.

Abubuwa biyu aka fi fesawa. Niƙaƙƙiyar takarda, wadda ake kira seluloz, kusan kashi 80 zuwa 85 cikin 100 nata tsofaffin jaridu ne da kwalaye, sauran kuma sinadarin boret ne da makamantansa, waɗanda ke hana ta kama wuta kuma ƙwari ba sa son su. Kowane inci nata yana ba da R-3.2 zuwa R-3.8. Tana da nauyi, tana da ƙura, kuma takan kwanta da kusan kashi ɗaya cikin biyar bayan an fesa ta, shi ya sa ake rubuta kauri biyu a jikin buhu, na ranar fesawa da na bayan ta zauna. Audugar gilashi ba ta da nauyi, ba ta kama wuta, ba ta cika kwanciya ba, amma kowane inci nata bai kai na takarda ba, kuma iska ta fi samun hanya a cikinta. A farkon shekarun 1990 cibiyar bincike ta Oak Ridge da ke jihar Tenesi ta gwada audugar gilashin fesawa ta wancan zamani, ta gano cewa idan sanyi ya tsananta iska kan riƙa zagayawa a cikinta har ƙarfinta ya ragu sosai. Masu yin ta sun gyara ƙirarta tun daga lokacin, amma duk da haka ni a wuri mai sanyi irin namu na fi karkata ga takarda, matuƙar silin yana da ƙarfin ɗaukar nauyinta. Inda allon silin siriri ne kuma katakan suna da tazarar inci 24, audugar gilashi ta fi aminci. Ko wanne aka zaɓa, bambancin da ke tsakaninsu ƙarami ne idan aka kwatanta da bambancin da ke tsakanin aikin da aka yi bisa tsari da wanda aka yi da gaggawa.

A nan ne maganar da ta fi damuna take. Makarin zafi na fesawa ba ya tare iska. Yana rage mata gudu, amma tana ratsa shi. Silin ɗin tsohon gida kuwa cike yake da kafofin da ba a gani daga ƙasa: inda bututun bayi ya ratsa ya fita rufi, inda wayoyi suka sauka cikin bango, kewayen akwatin kowace fitila da fanka, tsagar da ke tsakanin allon silin da katakon saman kowane bangon ciki, kewayen bututun hayaƙi, da kuma saman kabad ɗin kicin, inda a gidaje da yawa ake samun rami buɗe wanda ya haɗa cikin bango da saman silin kai tsaye. Alamar waɗannan wurare a bayyane take ga wanda ya san abin da yake nema. Idan ya ɗaga tsohuwar audugar gilashi ya ga ta yi baƙi a wuri guda alhali kewayenta ruwan hoda ne ko rawaya, wannan baƙin ƙurar cikin gida ce da audugar ta tace shekara da shekaru yayin da iska ke wucewa, kuma a ƙarƙashinsa akwai huda. Dole ne a bi waɗannan kafofi ɗaya bayan ɗaya a toshe su, ƙanana da danƙon toshe tsaga, matsakaita da kumfar gwangwani, manya da yankakken allo da aka liƙe gefunansa. Aiki ne mai cin rai, ana yin sa a durƙushe, kuma yakan ɗauki lokaci fiye da fesawar kanta sau da yawa. Amma tun ran gini tun ran zane. Da zarar an zuba inci 15 na takarda a kan waɗannan kafofi, babu wanda zai sake komawa ya tone su.

Illar tsallake wannan mataki ba ta tsaya ga asarar zafi ba. Iskar cikin gida ɗauke take da laima, gidajenmu kuwa sun fi na mutane da yawa laima, domin tukunyar miya ko ta tuwo kan daɗe a kan wuta, muna da yawa a gida ɗaya, ga wanka ga wanki. Kafin a ƙara makari, ɗumin da ke tserewa yana ɗan busar da katakon rufi. Bayan an ƙara, saman silin ya koma sanyi ƙalau kamar waje, wanda shi ne abin da ake so, amma idan har yanzu iska mai laima tana hawa, to da ta taɓa katako mai sanyi sai ta zama raɓa ta daskare. Wanda ya leƙa irin wannan wuri a watan Janairu zai ga kan kowace ƙusa da ta ɓullo ta ƙasan rufi ya yi fari da ƙanƙara, wani lokaci ma katakon gaba ɗaya. Da yanayi ya sassauta sai ta narke ta ɗiga a kan makarin, katako ya fara baƙi, funfuna ta kama. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan, kuma mai gida zai ɗora wa mai rufi laifi alhali rufin ba ya yoyo.

Ƙofar saman silin ita kanta ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita aka fi mantawa. A ɗauka silin yana da faɗin murabba'in ƙafa 1,000 kuma an kai shi R-49, amma an bar ƙofa mai tsani mai faɗin murabba'in ƙafa 10 da siririn allo wanda bai wuce R-1 ba. Zafin da zai ratsa wannan ƙofa kaɗai ya kai kusan rabin wanda zai ratsa sauran silin ɗin duka, kuma idan aka haɗa lissafi silin ɗin ya sauko daga R-49 zuwa kimanin R-33. Maganin bai da tsada: a manna allon kumfa mai kauri a bayan ƙofar, a sa robar toshe iska a gefunanta, a sa mata sakata da za ta matse ta, sannan a kewaye bakin da katako domin kada abin da aka fesa ya riƙa zubowa duk lokacin da aka buɗe.

Akwai wuraren da ba a yarda makari ya taɓa ba. Bututun hayaƙi na na'urar ɗumama gida ko na murhu ana toshe kewayensa ne da farantin ƙarfe da danƙo mai jure wuta, ba da kumfa ba, sannan a yi masa shinge na ƙarfe da zai ba shi tazarar da ƙa'idar gini ta tanada. Fitilun da aka nutsar cikin silin, idan ba masu tambarin IC ba ne, wato alamar cewa an ƙera su yadda makari zai iya taɓa su, suna buƙatar tazarar inci 3 daga kowane makari, kuma a ganina gara a canza su gaba ɗaya zuwa na zamani waɗanda ba sa zafi kuma ba sa barin iska ta wuce. A bakin rufi kuma akwai kafofin da iskar waje ke shigowa ta busar da saman silin, kuma kafin a fesa dole ne a kafa wa kowace mazurari na roba ko kwali da zai bar mata hanya, in ba haka ba, za a binne su. Fankar da ke zuƙe tururin banɗaki ma sai an tabbatar bututunta ya fita waje, domin a tsofaffin gidaje ana yawan tarar da shi kwance yana huci a cikin saman silin.

Abubuwa uku ne idan aka gani sai a dakata da komai. Na farko yoyon rufi, wanda gyaransa ke gaba da duk wani aiki. Na biyu tsohon tsarin wayar lantarki na gidajen da aka gina kafin kusan 1950, inda wayoyi biyu ke tafiya a rarrabe a kan ƙananan fararen dunƙulen tangaran. An ƙera shi ne domin iska ta riƙa sanyaya shi, ƙa'idar lantarki ta ƙasa ta hana a binne shi a cikin makari, kuma sai mai aikin lantarki ya tabbatar an cire shi daga aiki. Na uku shi ne ya fi haɗari. Idan aka tarar da wani abu mai kama da ƙananan tsakuwa marasa nauyi, ruwan toka ko ruwan ƙasa, masu ƙyalli kamar an barbaɗa musu azurfa ko zinariya, wannan bamikulait ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na wanda aka sayar a Amurka tsakanin 1919 da 1990 ya fito ne daga mahaƙa guda kusa da garin Libby a jihar Montana, an sayar da shi da sunan Zonolite, kuma ma'adinin wannan mahaƙa gauraye yake da asbesto, wanda ƙurarsa ke haddasa cutar huhu da sankara bayan shekaru masu yawa. Abin da ya sami mutanen Libby ya kai ga Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ayyana dokar ta-ɓaci kan lafiyar jama'a a yankin a 2009. Shawarar hukumar ita ce duk wanda ya ga bamikulait ya ɗauka yana da asbesto, kada ya share shi, kada ya motsa shi, kada ya bar yara su hau, ya nemi masu lasisin kwashe shi. Akwai asusun da aka kafa musamman domin mayar wa masu gidaje wani kaso na kuɗin kwashe Zonolite, kuma ya kamata a tuntuɓe shi kafin a fara aikin, domin yana buƙatar shaidar cewa abin da ke gidan shi ne.

Mutum yana iya yin fesawar da kansa. Manyan shagunan kayan gini irin su Home Depot da Lowe's suna ba da hayar injin, kuma sukan yafe kuɗin haya na yini guda ga wanda ya sayi wani adadi na buhuna. Idan saman silin yana da tsawon da za a iya motsi a ciki, kuma babu ɗaya daga cikin abubuwa ukun nan, magidanci da ɗan'uwansa za su iya. Amma gidajen nan masu hawa ɗaya da rabi da suka cika unguwanninmu, waɗanda ɗakunan samansu ke cikin rufin kansa, suna da ƙananan lunguna a bayan bango da gangaren silin da ke buƙatar wanda ya ƙware, kuma su ne suka fi fama da tudun ƙanƙara.

Wanda ya ɗauki ɗan kwangila yana da haƙƙin da doka ta ba shi, kuma da yawa daga cikinmu ba su san da shi ba. Ƙa'idar Hukumar Kula da Ciniki ta Tarayya, wadda ta fara aiki a 1980, ta wajabta wa mai fesawa ya ba mai gida takarda mai kwanan wata da sa hannu, wadda ta nuna faɗin wurin da aka rufe, kaurin ranar fesawa, kaurin bayan zama, lambar R, da adadin buhunan da aka yi amfani da su. Adadin buhunan ya fi kaurin muhimmanci, domin idan aka ƙara wa injin iska ana iya kumbura abu kaɗan ya yi tsawo a ido, bayan 'yan watanni ya kwanta. A jikin kowane buhu akwai jadawalin da ke faɗin buhu nawa ake buƙata a kowace murabba'in ƙafa 1,000 domin samun kowace lambar R, saboda haka mai gida ya yi lissafinsa tun kafin ranar aiki, ya ce a ajiye masa buhunan da aka juye ya ƙirga. Haka kuma ya nemi a kafa ma'aunan kauri a jikin katakai, ɗaya a kowace murabba'in ƙafa 300, suna fuskantar ƙofa. Mu mutane ne masu kara, muna jin nauyin ƙirga kayan ma'aikaci a gabansa, amma a nan wannan ba rashin yarda ba ne, kuma mai aiki na gaskiya da kansa zai jera maka buhunan. Tambaya ɗaya kuma tana raba gwani da mai neman kuɗi kawai: ka tambaye shi waɗanne kafofi zai toshe kafin ya fesa, kuma ko hakan yana rubuce a cikin farashin. Idan ya ce abin da zai fesa shi zai toshe komai, a nemi wani.

Game da riba, ƙiyasin Hukumar Kare Muhalli shi ne toshe kafofin iska tare da ƙara makari a saman silin da ƙasan gida yana rage kimanin kashi 15 cikin 100 na kuɗin ɗumamawa da sanyayawa, wato kusan kashi 11 na kuɗin makamashin gida baki ɗaya. Wannan matsakaici ne, gidan da ya lalace sosai zai samu fiye da haka. Rangwamen harajin tarayya da dokar 2022 ta faɗaɗa, wanda ke mayar da kashi 30 cikin 100 na kuɗin kayan har zuwa dala 1,200 a shekara, wata doka ta 2025 ta kawo ƙarshensa daga ranar 31 ga Disamba na wannan shekara. Kamfanonin gas da lantarki kuwa suna da nasu tallafin. A Minesota, CenterPoint Energy da Xcel Energy suna mayar da wani kaso na kuɗin aikin bisa sharuɗɗansu, waɗanda ya kamata a karanta kafin a ɗauki ɗan kwangila, ba bayan an gama ba.

Ga masu ƙaramin ƙarfi akwai shirin gwamnatin tarayya na gyara gidaje domin tsimin makamashi, wanda aka kafa a 1976 zamanin Shugaba Gerald Ford, bayan takunkumin man fetur na 1973 ya nuna wa Amurkawa yadda gidajensu ke shan mai. Ya taimaki iyalai fiye da miliyan 7, ana yin aikin kyauta ga waɗanda kuɗin shigarsu bai wuce ninki biyu na ma'aunin talauci na tarayya ba, ana fifita tsofaffi da masu naƙasa da masu yara, kuma ɗan haya ma yana iya nema idan mai gidan ya amince. Na san akwai masu ganin neman irin wannan kamar roƙo ne, ni kuwa ban ɗauke shi haka ba, domin daga harajin da ake cirewa a albashinmu ake biyan sa. Abin da ya fi burge ni da shirin shi ne ma'aikatansa suna bin tsarin da na zayyana a sama: suna ɗaura babbar fanka a ƙofar gida su zuƙe iska domin auna yawan kafofin da ke akwai, su toshe, su sake aunawa, sannan su fesa.

Wannan awon yana da amfani ko da mutum da kuɗinsa zai yi aikin, saboda gidan da aka toshe kafofinsa yanayin iskarsa yana canzawa. Tsohuwar tukunyar dafa ruwan wanka mai amfani da gas, wadda hayaƙinta ke hawa bututu da kansa ba tare da fanka ba, tana iya fara dawo da hayaƙin cikin gida idan fankar kicin da injin busar da tufafi suna aiki a lokaci guda, kuma iskar kabon monoksaid ba ta da wari balle launi. Saboda haka bayan an gama aiki a sa gwani ya gwada duk na'urorin da ke ƙona gas, a kuma tabbatar akwai na'urar gargaɗi mai aiki kusa da kowane ɗakin kwana, wadda dokar Minesota ma ta wajabta. Lokacin da ya fi dacewa da aikin shi ne watan Satumba ko Oktoba, bayan zafin saman silin ya sauka kuma kafin 'yan kwangila su cika da kiran waɗanda ruwa ya fara ɗigo musu, masu neman shirin gwamnati kuwa gara su miƙa takardunsu da zarar an buɗe karɓa, domin layin jira yakan yi tsawo.